Waliccin Ummi

Unguwar Shanu, ranar Litinin

Zuwa ga ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda nake nan lafiya sai abin da ba a rasa ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali daga nan zuwa Kurmin Mashi ba tafiyar da za ta gajiyar da jaki ba ce. In ka kira ni a waya ba na jin komai sai kamar sauro a cikin gwangwani. In kuma ka zo da kanka sai ka tsaya a kaina kana ihu, maƙwabta su gama jin sirrinmu kafin ni in ji. Gara takarda. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, sai ka yi haƙuri da shi. Ni ba a kai ni boko ba, ka kuma san dalili.

Ƙanwarmu Lami ta zo jiya, ta sa baki a kunnena ta faɗa mini wata magana da ta hana ni cin tuwo. Wai kai da bakinka ka ce Alhaji Jamaluddeen, daraktan nan da ka yi aiki a ƙarƙashinsa, shi zai yi waliccin Ummi ranar ɗaurin aurenta. Habibu, in ƙarya ce ka faɗa mini in je in ci mutuncin Lami. In gaskiya ce kuma ka faɗa mini laifin da na yi.

A gidanmu, tun muna Rigachikun, uba ba ya ba da 'yarsa, ɗan'uwansa ke bayarwa. Ni na ba da Safiyarka, ni na ba da Sadiya. Ummi kuwa ai ta wuce 'yar ɗan'uwa a wurina. Ranar da aka yaye ta ka kawo ta gidan nan, marigayiya matata Zulaiha ta goya ta har ta yi wayo, a tsakar gidan nan ta karye a hannu, ni na kai ta wurin mai ɗori a kafaɗata. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, shi ya sa har yau bakina bai taɓa kiran sunanta na yanka ba. Shi daraktan ya san da wane hannu ta karye?

Kuma ka san yarinyar nan ta jira. Ta gama karatun jinya, ta kama aiki, ƙannenta suka yi aure suka bar ta, ba abin da mutane ba su faɗa ba. Ni ko ba na ji ina ganin yadda baki ke motsi idan ta wuce. Yanzu Allah ya kawo mijin, mutumin kirki, sai a ranar da zan zauna gaban jama'a in nuna musu 'yar nan tana da daraja, tana da mai ita, sai a ce in koma sahun baya in ci dabino?

Na san za ka kawo zancen auren Sadiya. Wannan ba laifina ba ne. Lasifikar masallacinku amo take yi kamar ana magana a rijiya, wakilin angon kuma yana magana kamar mai ciwon haƙori.

Kunnuwan nan ba haka aka haife ni da su ba. A kasuwar Panteka na bar su, ina dukan gangar ƙarfe ina mayar da ita akwati tun safe har rana ta faɗi, kai kana aji a inuwa. Ba gori nake maka ba, tuni ne.

Ka ba Kabiru mai keke amsa, yana biyowa ta layinmu kullum. Ka gaida mai ɗakinka.

Wassalam.
Yayanka, Sanda

*

Kurmin Mashi, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Malam Sanda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, na samu takardarka, kuma na karanta ta a natse.

Na farko, ban yanke wata shawara ba. Lami rabin magana ta ji. Abin da ya faru shi ne Liman ya ja ni gefe ya tuna mini da auren Sadiya. Yaya, ba don in ɓata maka rai ba, amma a ranar wakilin ango ya nema har sau uku kana kallon darduma, sai da Liman ya taɓa gwiwarka. Ya ce wajibi ne waliyyi ya ji abin da aka nema, ya amsa a kansa, shaidu su ji, kuma ba ya son ɗaura auren da wani zai zo daga baya ya ce akwai shakka a cikinsa. A nan ne sunan Alhaji Jamaluddeen ya fito, a matsayin ko-ta-kwana kawai.

Na biyu, akwai mafita. Bara kwamitin masallacinmu ya sa wata na'ura saboda dattawan da ke zuwa tafsiri ba sa ji sosai. Duk abin da aka faɗa a makirufo tana tura shi cikin wayar mutum, shi kuma ya sa iyafis, 'yar igiyar nan ta kunne, ya ji kamar a cikin kunnensa ake maganar, babu amon bango, babu ƙarar fanka. Ba irin abin jin nan na asibiti ba ne da ka ce yana tara maka hayaniyar duniya ka jefa shi a akwati. Wannan muryar mai makirufo kaɗai yake kawowa. Ummi ta riga ta saya maka waya, ta sa manhajar a ciki.

Ranar Asabar akwai karatu bayan la'asar. Ka zo ka gwada. Idan ka ji, walicci naka ne, babu mai ja da kai, ni ma abin da na fi so ke nan.

Game da Panteka, ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Iyali suna gaishe ka. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
Habibu

*

Unguwar Shanu, ranar Alhamis

Habibu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa.

Na ga takardarka mai na farko da na biyu kamar kana rubuta wa gwamna. Wato sai an gwada ni kamar tsohuwar mota kafin a yarda in ba da 'yata. Har da ko-ta-kwana. To madalla, ka ajiye safaya tun tayar ba ta fashe ba.

Ka zo masallacin layinmu ka tambayi kowa wa ke hana samari latsa waya a sahu. Ni ne. Akwai wanda na zare wa igiyar daga kunne ana huɗuba, ubansa ya zo har gida ya yi mini godiya. Yanzu ni da furfurata in zauna gaban Liman da manyan mutane, igiya na lilo a wuyana kamar ɗan acaɓa mai jin waƙa? Gobe in wani yaro ya fito da tasa in ce masa me?

Ku 'yan boko kowace cuta kuna da na'urarta. Mahaifinmu ya tsufa, idonsa ya tafi, ba wanda ya ce sai ya ga ango kafin ya ba da aure. An kama hannunsa an zaunar da shi, aka jira shi. Abin da ya ɓace a zamanin nan ke nan, jira. Da Liman ya taɓa gwiwata a auren Sadiya, gwiwar ta karye ne? Aure bai ɗauru ba? Ga ta can da 'ya'ya biyu.

Ba zan zo ba. Ku ba daraktan, ya zo da babbar rigarsa da turarensa. Ni dai na san abin da na shuka.

Sai wata rana.
Sanda

*

Kurmin Mashi, ranar Juma'a

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, kuma kana shan maganin, ba ajiye shi kake yi a ƙarƙashin filo ba. Na san halinka.

Abba ya ce ka ƙi. Ban yi mamaki ba, ai da ka yarda karon farko da na zo na auna ka na ga ko zazzaɓi ne.

Baffa, wannan magana ba irin wadda zan yi da kai ba ce, ina jin nauyi, shi ya sa na ji daɗi da takarda ce. Mata ba ma zuwa wurin, ba zan ga wanda ya zauna gaba ko baya ba. Labari kawai za a kawo mini. Ina so idan na tambaya wa ya ba da ni, a ce kai. Alhaji Jamaluddeen mutumin kirki ne, amma duk sanda ya gan ni sai ya tambaye ni ko ni ce Sadiya.

Ga wayar nan na ba Kabiru, na yi mata caji. Igiyar fara na zaɓa, kalar gemunka. Ka sa wayar a aljihun 'yar ciki, igiyar ta bi ta ƙarƙashin riga, ka yafa hirami a kai, ba wanda zai gani. Idan ka isa ka ba Ladan, shi ke haɗa wa dattawa. Madannin gefe na sama shi ke ƙara murya. Ba sai ka faɗa wa Abba za ka je ba, in abin da ke damunka ke nan.

Idan ka gwada ba ta yi ba, ba zan sake magana ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Ummi

*

Unguwar Shanu, ranar Lahadi

Zuwa ga uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Maganin ina sha, wani lokaci.

Na je. Ba don ubanki ba, kuma ba don wayar ba. Na zauna can baya jikin ginshiƙi, na yafa hirami kamar yadda kika ce, sai gumi nake kamar ɓarawon da ya shiga kasuwa. Ladan ya karɓa ya shafa ya shafa ya miƙo mini. Da farko ba komai. Na ce a raina, to ga shi nan, an kashe wa yarinya kuɗi a banza. Sai na tuna da madannin gefe na danna.

Uwata, na ji.

Na ji muryar malam kamar ya jingina da kafaɗata. Na ji yana juya takarda. Na ji ya kurɓi ruwa ya ajiye kofin. Karatun alwala ne ma yake yi, abin da na sani tun ina yawo ba wando, amma na zauna baki buɗe kamar yau aka saukar da shi. Rabon da in ji magana a cikin taro tun Zulaiha na da rai. Ashe mutum yana mantawa cewa in malami zai faɗi abin dariya muryarsa takan canja tun kafin ya faɗa. Na daɗe ina dariya don na ga ana yi, jiya na yi tawa. Idona ya ɗan kawo ruwa, amma fankar wurin ce, a saitina take.

To amma abin Bature ba ya rasa cuta. Da aka zo addu'a na ɗaga hannu tare da kowa. Ina kallo mutane suka shafa, ni kuwa a kunnena malam bai kai ƙarshe ba. Da ya kai na ce amin. Ashe kowa ya riga ya faɗi nasa ya gama, nawa ya fito shi kaɗai, kuma da ƙarfi, don ni ba na sanin girman muryata. Sahu biyu suka waiwayo. Wani mai jar hula har da rufe baki da hannu.

Na sami Ladan na ce masa wayar nan tana makara. Ya yi magana ban ji ba, sai ya ɗauki makirufon ya faɗa a ciki, ina kallon bakinsa ya rufe sannan maganar ta iso. Wai haka take, jinkirin numfashi ɗaya ne ko biyu, ba komai. Ba komai a wurinsa, shi da ba a ajiye wa safaya ba.

Ki duba ki gani. Ranar nan in aka nema na yi shiru, ko na numfashi ɗaya ne, Liman zai kai hannu gwiwata, ubanki zai sunkuyar da kai, daraktan zai gyara zama. Kowa zai ce ga shi nan, kurman bai ji ba. Wannan ba zai faru ba. Wanda ya san jakinsa ba ya sauri, sammako yake yi. Na san abin da zan yi.

Ki gaya wa ubanki na ji, walicci nawa ne. Zancen amin kuma ya tsaya tsakanina da ke.

Na sa an wanke farar rigar nan ta Sallah an buga ta.

Baffanki,
Sanda

*

Unguwar Shanu, ranar Asabar

Habibu,

Salamu alaikum. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Da aka tashi daga ɗaurin auren ka biyo ni har bakin titi kana magana, ban ji ba, kuma ban so in ji ba. Kai ka ga abin daga inda kake zaune. Bari in faɗa maka yadda yake daga inda nake, don kada gobe ka ce hauka na yi.

Wayar nan taku makara take yi. Na gano haka tun ranar gwaji. Sai na ce ba zan jira ta ba. Na ba da aure ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na san abin da wakilin ango ke faɗa kamar yadda na san hanyar gidana. Na ce zan sa ido a bakinsa, da ya rufe in amsa, in ya so wayar ta iso daga baya ta tarar na gama.

Aka yi salati, aka miƙa wa wakilin makirufo ɗaya, aka miƙo mini ɗaya. Na kafa masa ido. Bakinsa ya yi motsi, ya yi motsi, sai ya rufe. Na ce mun ba ku. Na faɗa da ƙarfi, don kowa ya san Sanda ya ji.

Sannan wayar ta iso. Na ji muryarsa a kunnena yana cewa muna nema wa ɗanmu Bilal, daga nan sai tari. Tari ne ya rufe masa baki, Habibu. Bai faɗi abin da yake nema ba. Bai kai ga sunanta ba. Ba a yi zancen sadaki ba, ban tambaye su ci da sha da sutura ba, ban ce amana ce ba, duk abin da na kwana ina shiryawa. Sai na ji tawa muryar ta biyo baya, mun ba ku, kamar mai tallan tumatir da yamma.

Na ga kafaɗu suna rawa tun kafin in ji komai. Lokacin da mutane suka fara gyara fuska, lokacin dariyar ta iso kunnena, ni kaɗai na sha ta sabuwa. A cikinta wani daga dangin ango, yana kusa da makirufon wakilin, ya ce a hankali, ashe dai an ƙagu, ko suna ba a kira ba an sallama kaya. Ya ɗauka ba mai ji sai na kusa da shi. Na ji shi sarai, har da ɗan tsakin da ya yi a ƙarshe. Na'urar taku tana aiki, wannan kam na shaida.

Na fizge igiyar. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya yi. Duniya ta koma shiru. Na ga bakin Liman yana motsi, na san cewa yake a sake. Na ga wakilin ya sake nema. Na ji hannu a gwiwata. Na ji iskar bakinka a kunnena. Igiyar tana kan cinyata, ina ganinta, da na mayar da ita da na ji. Hannun ya ƙi. Tsoro nake in mayar in ji wani ya ƙara wata maganar a kanta.

Daga nan na ga an zare makirufon daga hannuna, ya bi ta gabana ya sauka a hannun daraktan. Na ga ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki lokacinsa kafin ya amsa, mutane suna gyaɗa kai wai dattaku. Shirun da na ji tsoro ke nan. Shi ya yi, ya zama ado. Aka miƙa masa sadaki. Aka ɗaga hannu na ɗaga, aka shafa na shafa. Wani ya zuba mini dabino a cinya.

Kai ka kawo zancen wayar. Kai ka zaunar da mutumin nan gab da ni kamar ungulu na jiran rai ya fita, ya za a yi in natsu? Da kun bar ni da kurumtata kun taɓa gwiwata kamar na Sadiya, da ni kaɗai za a yi wa dariya, na kuwa saba. Yau ba ni aka yi wa ba. Yarinyar da ta jira shekara da shekaru ta riƙe kanta, ita aka ce an ƙagu a rabu da ita, kuma a gaban dangin da za ta zauna da su. Wannan maganar za ta riga ta isa gidan mijinta a Jalingo.

Ga wayarku nan a leda, da igiyar da abin cajin. Lami ta ce gobe da yamma za a kawo mini amarya in yi mata faɗa kafin su kama hanya. Kada a kawo. Ƙofata a rufe take. Wanda ya ba da ita shi ya yi mata faɗan.

Sanda

*

Jalingo, ranar Talata

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Mun iso lafiya, mutanen gidan suna gaishe ka. Wani abokin aikin maigidan ne zai zo Kaduna, shi na ba takardar nan.

Abba ya nuna mini abin da ka rubuta. Ya ce a bar ka ka huce. Na ce ba zan bar Kaduna ban zo ba. Muka zo bayan la'asar, ni da Gwaggo Lami da ƙawayena biyu, motocin suka tsaya a bakin layi. Ƙofar a rufe kamar yadda ka ce. Gwaggo ta yi sallama, ta sake, ta sake. Na yi tawa. Maƙwabta suka fito suna kallo, suka ce ba su ga fitarka ba. Gwaggo ta ɗauki dutse za ta buga, na riƙe hannunta. Ban taɓa buga maka ƙofa ba tun da na yi wayo, kai ka hana ni, ka ce sallama ake wa babba. Kuma na ce in fushi ne ya sa ka rufe, ba zan tilasta maka ka buɗe a gaban mutane ba. Na durƙusa a bakin ƙofar na faɗi abin da na zo faɗa. Sai masu mota suka aiko a zo a tafi.

Ba zan ɓoye maka ba, maganar nan ta riga goro isowa cikin gida. Na ji zafinta. A nan ma wata daga cikin ƙannensa ta faɗa jiya cikin wasa, aka yi dariya, ni ma na yi, ba yadda zan yi. Ina jin za ta daɗe tana bina.

Amma ba kai nake jin haushi ba. Ka rubuto mini zancen jaki da sammako, na karanta ana yi mini lalle, na yi dariya na ninke. Da na tsaya na tambaye ka me kake nufi, da na ce maka ka jira wayar, shirun waliyyi ba aibi ba ne. Ni na sa ka je, ni na zaɓi igiyar.

An ce Alhaji Jamaluddeen ne ya ba da ni. Idan aka tambaye ni nakan ce Baffana ne ya fara bayarwa.

Kowa ya yi mini faɗa ya sa mini albarka sai kai. Ka yafe mini, ka aiko mini da taka ko a takarda ce. Ka sha maganinka.

'Yarka,
Ummi

*

Unguwar Shanu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na amsa yanzu, tunda ranar ban amsa ba.

Ina bayan ƙofar. Tun azahar na shimfiɗa tabarma a zaure, na sa farar rigar, na jingina bayana da ƙarfen don in an buga in ji a jikina. Niyyata in bari ku buga sau biyu, don ubanki ya san ina da zuciya, sannan in buɗe. Ina zaune har haske ya ɗauke a ƙarƙashin ƙofar. Na ɗauka ba ku zo ba. Na kwana ina jin haushinki.

Ba ki yi mini komai ba. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki haƙurin zama da mutanen nan. Faɗan da na tanada yana da tsawo, ba na takarda ba ne, kuma ban san me kika faɗa wa ƙofar ba.

An ce sai bayan shekara za su bar ki ki zo gida. Ciwon ƙafar nan ya fara hawa sama. In Allah ya sa kin tarar da ni, kada ki yi sallama. Ki bar Lami ta buga da dutsenta.

Baffanki,
Sanda